An sauke mini ƙafar mota, me ya rage in yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana 4 ke nan da aka cire mini sifirin na asali aka sa gajeru, gaba da baya, motar ta sauka da kamar milimita 35. Shokozoba ba a taɓa su ba. Kyau kam ta yi. Amma tun ranar sitiyari ya karkace hagu ko da a miƙe nake tafiya, tayoyin baya sun kwanto ciki ta sama, kuma da dare masu tahowa sai su riƙa kashe mini fitila suna kunnawa. Wanda ya yi aikin ya ce in bari sai bayan wata guda in yi alaimen, wato a auna a daidaita tsayuwar tayoyin. In jira ko in je gobe?

Wani bakanike: Wa alaikumus salam. Kafin maganar alaimen, tambayi mai aikin abu ɗaya: notunan bushin (robar da ke mahaɗar hannayen ƙafa da jikin mota), motar tana sama ya ɗaure su ko tana ƙasa? Robar bushin ba juyawa take yi ba, murɗuwa take. In aka ɗaure ta taya na lilo a sama, da an sauke motar robar ta murɗe, haka za ta zauna har ta tsage. Sai a sassauta su, nauyin mota ya hau kan tayoyi, sannan a sake ɗaurewa. Wani lokaci ma bayan haka za ka ga ta ƙara sauka kaɗan.

Batun jira kuma, mai aikin yana da gaskiya rabi. Sabon sifirin yana ɗan zama, amma wata guda ya yi yawa. Mako ɗaya zuwa biyu ya isa. Abin da ya fi cin taya ba kwanciyar nan da kake gani da ido ba ce, wadda muke kira kamba. Babban mai laifin shi ne abin da muke kira "to", wato bakin tayoyin ya buɗe waje ko ya tsuke ciki. Shi ido ba ya gani, amma taya jan ta ake a kan kwalta maimakon ta gangara. Karkacewar sitiyarinka alamarsa ce. Kuma alaimen na ƙafa huɗu za ka ce a yi, a ba ka takardar awon kafin da bayan gyara.

Wata 'yar uwa: Malam, ni ban ga dalilin jira ba tunda sitiyari ya riga ya karkace. Ya je a daidaita bakin tayoyin yanzu, bayan mako biyu a sake dubawa. Biyan alaimen sau biyu ya fi sauƙi a kan sayen tayoyi biyu. Fitilar kuma, bayan motar ne ya fi gaba sauka, shi ya sa hasken ya ɗaga yana shiga idon mutane. Akwai sukurun saiti a bayan kowace fitila, a tsaya gaban bango a daidaita.

Bakaniken: Hajiya, na yarda, in tafiyarsa da yawa. In gida da wurin aiki ne kawai, kwana 10 ba za su kashe taya ba. Na manta ban faɗa ba: motoci da yawa ba su da wurin saita kamba a baya. In awon ya wuce abin da kamfani ya ƙayyade, sai an sayo noti ko hannu mai saiti.

Wani tsohon hannu: Ƙanena, ni abin da ya ci ni zan gaya maka. Na sauke tawa na bar tsofaffin shokozoba, ba su yi nisa ba suka fara yoyon mai, domin kullum a danne suke aiki. In naka sun tsufa, fara tanadin waɗanda aka yi don gajeren sifirin. Ka duba robar nan da ke saman sandar shokozoba, mai tare bugu. In motar a kanta take zaune, shi ya sa za ka ji kamar amalanke.

Sannan ka ɗauki mutum uku a baya, ka murza sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka saurara ko taya na gogar madigadi. Tudun rage gudu kuwa a karkace ake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya. Ni kaskon man inji na fasa, Allah Ya sa na ga jar fitilar mai na kashe nan take. Ka gwada jak ɗinka ma yau a gida, kada sai taya ta yi faci ka tarar ba ya shiga ƙarƙashi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na kira shi, ya ce a sama ya ɗaure komai. Gobe da safe zan koma a sassauta bushin ɗin, daga nan in wuce wurin alaimen. Jak ɗin kuwa yanzu na fito daga gwadawa, bai shiga ba.

Tsohon hannun: Sa guntun katako a but. Ka hau kansa da tayar, jak zai samu hanya.