Yaya ake gane hob mai kyau a tsofaffin ƙafafun keke kafin a biya kuɗi?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum, masu gyara da masu sayarwa. An sauke kayan gwanjo, irin waɗanda muke ce wa hom-yus, ƙafafun keke tsibi guda a wajen Asawase a Kumasi. Rim ɗin yawancinsu ya lanƙwashe ko tsatsa ta cinye shi, amma hob, wato cibiyar ƙafar keke, suna nan. Niyyata in yanke sifok, wato wayoyin da ke haɗa hob da rim, in cire hob, in ɗaura su a sabon rim. Cikin waɗanda na ware akwai Shimano 600 guda biyu, Normandy ɗaya, Maillard ɗaya, Sturmey-Archer AW mai giya uku, sai na ƙarfe marasa suna. Mai kayan ba zai yarda in kwance duka ba. Me zan iya dubawa a tsaye a wurin, me kuma sai an buɗe? Sunan kamfani kaɗai ya isa shaida?

Masta Suame:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai, kada ka yanke sifok ko ɗaya a ƙafar baya sai ka cire firiwil, wato haƙoran baya da kaca ke hawa. Duk taka feda da aka yi shekara da shekaru ɗaure shi ake ƙara yi, kuma rim ɗin nan da ka raina shi ne hannun da za ka murɗa da shi. Ka kama abin cirewa a bais, wato matsen ƙarfe na kan tebur, ka ɗora ƙafar, ka juya rim da hannu biyu. In ka riga ka yanke, hob ya zama ɗan dunƙule mara mariƙi, mutane kan matse shi a bais har su murƙushe shi.

A tsaye kuma, kada ka wulwula ƙafar ka ce tana gudu. Nauyin rim da taya yana ɓoye ciwo. Ka riƙe ƙafar cak, ka juya aksul, wato sandar da ta ratsa tsakiyar hob, da babban yatsa da manuni, a hankali. In ya yi nauyi amma sumul, giris ne ya bushe, wannan ba komai ba ne. In kana jin ƙaras-ƙaras ko'ina kamar yashi, datti ne ya shiga, ana iya samun sa'a. Wanda ake tsoro shi ne mai tsalle: ya tafi lafiya, ya cije, ya saki, ya sake cijewa. Wannan rami ne a kon ko a kofi, wato ƙarafa biyun da 'ya'yan boris ke birgima a tsakaninsu, ko kuwa an ɗaure shi fiye da kima an hau a haka.

Yayin da kake juyawa, sa ido a kan bakin aksul. In bakin yana zana da'ira maimakon ya tsaya wuri ɗaya, aksul ya lanƙwashe. Wannan ciwon hob na baya masu firiwil ne, musamman masu giya shida da bakwai, domin boris na dama yana can ciki ƙarƙashin firiwil, an bar doguwar sanda a waje ba mai tallafe ta. Aksul abin canzawa ne, amma wanda aka daɗe ana hawa a lanƙwashe yakan ci kon gefe ɗaya, ya taɓa kofi.

Kofin nan shi ne hob. Kon, aksul, 'ya'yan boris, noti, duk ana saye. Kofi kuwa matse shi aka yi a cikin jikin hob, samun irinsa ya fi sayen wani hob wuya. Saboda haka ka je da sifanar kon siririya, 13 da 15, da sifana 17, da tsumma da ɗan kananzir a kwalba. Ka roƙi mai kaya ya bar ka ka sassauta gefen hagu kawai, ka ja aksul baya, ka goge, ka haska da fitilar waya. Layi siriri mai sheƙi da ya zagaye kofi daidai wa daida, hanyar boris ce, lafiya lau. Ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar zanzana, ko wuri da ya ɓare, ajiye shi. Abin da ido bai gani ba bakin biro zai gaya maka: ka bi layin da shi, duk inda ya yi tuntuɓe akwai rami.

Sai kunnuwan hob, inda sifok ke shiga. A na alminiyom ka goge tsakanin rami da rami ka nemi tsaga siririya kamar gashi. Ko guda ɗaya ka gani, hob ya gama aiki, ba a walda shi a dogara da shi. Ɗan gurbin da gwiwar sifok ta danna a bakin rami ba aibi ba ne, sai dai in za ka ɗaura sabo ka bi gurbin nan, kada ka juya masa hanya ka buɗe sabon rauni a gefe.

Mai Keke Sawaba:

Masta ya gama maganar lafiya. Saura maganar ko zai shiga kekenka, domin hob mai lafiya da bai dace ba ajiya ce kawai.

Ƙirga ramuka tukuna. Yawancin kekunan tsere da na Japan 36 ne gaba da baya. Tsofaffin Raleigh da irin su Phoenix masu ƙafa 28 kuwa 32 ne a gaba, 40 a baya. Dole rim ya zo daidai da wannan lamba.

Sannan auna daga bayan noti zuwa bayan noti. Na gaba milimita 100 ne, amma tsofaffin na Ingila sukan tsaya wajen 90. Na baya: 120 mai giya biyar, 126 mai shida ko bakwai, 130 na zamani. Firam na ƙarfe yana yarda a buɗe shi kaɗan, na alminiyom ba ya yarda.

Inda ake yawan ɓarna shi ne tiredi, wato tsagin da noti ke bi in ana murɗa shi. Shimano da sauran na Japan aksul ɗinsu milimita 10 a baya, 9 a gaba, tazarar tiredi milimita 1. Na Ingila da na Sin da na Indiya 3/8 na inci ne a baya, 5/16 a gaba, tiredi 26 a inci guda. Campagnolo milimita 10 ne amma tiredi 26. Kon ɗin wani yakan hau aksul ɗin wani zagaye biyu ko uku, sai ya cije. Da ka ji ya cije ka tsaya, sifana ba ta gyara wannan.

Normandy ɗinka na Faransa ne, irin da ke zuwa a kan Peugeot. Wasu tiredin firiwil ɗinsu na Ingila ne, wasu na Faransa, milimita 34.7 da tazarar 1. Firiwil ɗin da ake samu a kasuwa yau duk na tsarin Ingila ne, tiredi 24 a inci. In ka ɗora shi a kan na Faransa zai hau sako-sako, ranar da ka miƙe kan feda a hawa sai ya zame ya kwashe tiredin. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki zoben kulle na gindin feda, na gefen hagu, na keken Ingila ko Japan, tiredinsa ɗaya da na firiwil. In ya shige da hannu har ƙarshe ba girgiza, hob ɗin na Ingila ne.

Maillard kuma duba ko Helicomatic ne, na shekarun 1980. Za ka gane shi da tsagogi masu murɗewa maimakon tiredi, da ɗan zobe mai riƙe haƙora. Ni ba na ba da shawararsa. 'Ya'yan boris ɗinsa ƙanana ne, 5/32 a yawancinsu, kon yana saurin ci, kuma in haƙoran suka ƙare ba firiwil da zai hau kansa. Shimano 600 ɗin su ne gwanaye a tsibin, in kofi na da lafiya. Sai dai ka lura, in na baya Uniglide ne, wanda ƙaramin haƙori ke murɗuwa ya kulle sauran, ka saye shi tare da haƙoransa.

Alhaji na Zongo:

Ɗana, kada ka auna Sturmey-Archer da ma'aunin sauran. Daga 1936 zuwa 2000 aka yi AW a Nottingham, kuma shekara da wata suna buge a jikinsa ƙarƙashin suna: in ka ga 74 da 6, Yuni 1974 ke nan. Duba harufan da kyau. In SW ne, na ƙarshen shekarun 1950, bar shi, yana zamewa.

Gwajinsa ba sai an buɗe ba. Sa alli a haƙori, sa a jikin hob. Ka bar 'yar kacar da ke fitowa ta bakin aksul a sake, giya ta uku ke nan: haƙori ya zagaya uku, hob ya zagaya huɗu. Ja ta har ƙarshe, giya ta ɗaya: haƙori huɗu, hob uku. A tsakiya suna tafiya tare. In duka ukun sun kama, cikinsa na da rai. Ƙarar tik-tik a giya ta biyu da ta uku halinsa ne. In shiru kake ji ko yana kamawa yana saki, galibi wani ne ya cusa masa giris ko man girki, ya daskare ya riƙe 'yan harsunan ciki. Abincinsa baƙin mai na inji, SAE 30, ɗigo kaɗan ta ƙofar mai da ke jikinsa.

Abin da za ka duba da ido shi ne aksul. Kaurinsa 13/32 ne, notin keke na kasuwa ba ya hawa, don haka ka tabbata notinsa biyu na nan, da wasa, wato ƙananan zobban ƙarfe na ƙarƙashin noti, masu hana aksul juyawa, da 'yar kacar. In gefen aksul da aka fafe ya murje ya koma zagaye, an hau shi ba wasan nan. In ya riƙa suɓucewa a giya ta uku bayan an saita waya daidai, kulocinsa da fil-fil ɗin ƙananan giyoyi sun ci, sai an buɗe. Kon na dama kuma ba a saita hob da shi: a murɗa da yatsa har ya tsaya, a koma baya rabin zagaye, a kulle. Duk saiti a hagu ake yi.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka da alheri. Na buɗe Shimano na baya. Kofi biyun layi ne kawai mai sheƙi, biro bai yi tuntuɓe ba. Amma kon na dama ya yi zanzana rabin zagaye. Wani ya ce in sa shi a injin huda in goge da sanfefa. Yana yi? Su kuma na ƙarfen marasa suna, in bar su?

Mai Keke Sawaba:

Yana yi na ɗan lokaci, in ramin bai yi zurfi ba. Sanfefa mai laushi a naɗe a jikin sanda, da ɗan mai.

Masta Suame:

A nan ban bi ka ba, Malam. Taurin kon a fatarsa yake. In ka goge har rami ya ɓace ka rage fatar nan, kuma ka canza lanƙwasar da boris ke bi. Ba da jimawa ba zai fara zubar da garin ƙarfe, garin nan kuma kofin da ka yi sa'ar samu lafiya zai ci. Ka nemi kon daga wani hob na Japan da kofinsa ya mutu. Na hagu yakan fi tsira, domin dama ce ke shan jan kaca. Ka jera su a kan tebur: tsayi ɗaya, lanƙwasa ɗaya, kauri daidai da ramin murfin ƙura. In ya gaza tsayi kaɗan, wasa ta cike.

'Ya'yan boris ka zubar da tsofaffin duka, ka sa sababbi daga leda ɗaya, kada ka gauraya. Baya tara-tara na 1/4, gaba goma-goma na 3/16. In sun cika kofi ba ɗan gibi, ɗaya ya yi yawa, cire shi. Giris ka cika shi sosai, har ya ɗan fito ta bakin murfi, shi ne katangarka da jar ƙurar hunturu da ruwan damina na Kumasi. Kuma kada a kai keken wurin wankin mota a harba masa ruwa a hob, shi ke kawo zanzanar nan.

Wajen ɗauri, in aksul mai rami ne mai maƙulli, ka bar ɗan motsi kaɗan, domin maƙullin yana matse aksul, motsin zai ɓace in ka kulle a firam. In mai noti ne, ka ɗaure har motsi ya ɓace, ba ƙari.

Na ƙarfen kada ka raina su. Ga keken da zai ɗauki jarka ko buhu, ko a tura shi Tamale ko Bawku aiki, aksul 3/8 mara rami da kon da kowane mai gyara ke da shi a gwangwani ya fi amfani. Yawancinsu ƙarfe uku ne aka matse, bututu da kunnuwa biyu, don haka ka kama kunnuwan ka murɗa ɗaya gaba ɗaya baya, in ka ji motsi ko ƙis, bar shi. Kunnensu siriri ne, gwiwar sifok na zamani takan yi masa yawa ta riƙa wasa har ta karye, sai ka sa 'yar wasa ta tagulla ƙarƙashin kan kowane sifok. In kuma ka ci karo da na gaba na tsohon Raleigh wanda ba shi da notin kulle, kon ɗin da ba ya motsi shi ke zuwa dama, mai karɓar sifana a hagu. In ka juya shi, tafiya za ta riƙa ɗaure kon da kanta har ƙafar ta cije.