Wane babur ya dace da filin tsere? Abin da tsofaffin hannu suka ce

Sabon shiga da zai kai babur ɗinsa filin tsere a ranakun da ake buɗe wa kowa, abin da ya fara tambaya shi ne girman inji. Da aka tattauna, bakin tsofaffin hannu ya zo ɗaya: a fara da ƙarami, irin Yamaha R3 mai cc 321 (cc ma'aunin girman inji ne) ko Kawasaki Ninja 400.

Dalilinsu ya kama hankalina. Ƙaramin inji ba ya rufa maka asiri. In ka taka birki da wuri, ka shiga kwana a tsorace, gudun da ka zubar ya tafi ke nan, ba ƙarfin da zai mayar maka da shi a miƙaƙƙen layi. Dole ka koyi ɗaukar kwana da gudu, idonka na kan mafita, ba kan tayar gaba ba. Mai cc 1000 kuwa, da ƙarfin doki wajen 200, yakan ɓoye kuskurenka har ranar da ka murɗa totur kana kwance a kwana, tayar baya ta zame. Ga cin taya, ga tsadar gyara.

An ɗan yi gardama kan babura masu matsakaicin inji. Yamaha R6 mai cc 599 sai juyawar injin ta hau sama sosai yake nuna ƙarfinsa, wanda ke wahalar da ɗan koyo. Suzuki SV650 mai silinda biyu tana ja tun injin na juyawa a hankali, shi ya sa da yawa suka fi son ta.

Ragowar kuɗin bayan sayen ƙaramin babur, in ji su, a zuba a taya mai kyau, birki, hular kwano da rigar fata.