An ɗauke wuta ina tsakiyar aiki a PowerPoint: ko akwai hanyar maido shi?

Ɗaliba a Yamai: Assalamu alaikum. Jiya da dare ina shirya shafukan da zan haska ranar kare kundina na kammala karatu, sai aka ɗauke wuta, kwamfutar kuwa ta tebur ce, ba ta da batir. Na yi kusan awa biyu ban adana aikin ba, ko suna ban sa masa ba. Tun lokacin ban sake buɗe manhajar ba, don tsoron kada in ƙara ɓata lamarin. Me ya kamata in yi?

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, domin PowerPoint yana ajiye kwafin ceto da kansa duk minti 10, muddin ba a kashe wannan tsarin ba. Idan kika buɗe shi, akasari wani ɓangare mai suna Récupération de document zai bayyana a hannun hagu. Ki zaɓi kwafin da ya fi kusa da lokacin da wutar ta tafi, ki sa masa suna nan take. Idan bai bayyana ba, ki shiga Fichier, sannan Ouvrir, ki duba can ƙasa inda aka rubuta Récupérer des présentations non enregistrées. Kada ki yi jinkiri, saboda irin waɗannan kwafin kwana 4 kawai ake riƙe su.

Malamin makaranta, Tawa: Ina so in ƙara wani bayani, don mutane da yawa suna haɗa abubuwa biyu. Maɓallin Enregistrement automatique, wato adanawa ta atomatik, da ke sama ba ya aiki sai fayil yana kan OneDrive ko SharePoint, ma'ajiyoyin Microsoft na intanet, ga wanda yake da Microsoft 365, wato sai da intanet, wadda ba kullum muke samun ta yadda muke so ba. Kwafin ceto kuwa a cikin kwamfutar yake zama. Ni na rage tazarar ajiye nawa zuwa minti 3 ta Fichier, Options, Enregistrement, musamman saboda bazara, lokacin da wuta ba ta da tabbas. LibreOffice Impress, wata manhaja mai aiki irin na PowerPoint, ita ma tana da irin wannan tsarin. Duk da haka, na fi yarda da yatsuna a kan Ctrl da S, maɓallan adana aiki.

Ɗaliba a Yamai: Na gode, Yaya, na gode, Malam. Na samu shafuka 17 cikin 19, biyun da suka ɓace kuwa na godiya ne da hoton ƙarshe, kuma na riga na sake su.