Shekara biyar da rabi, har yanzu yatsa a baki

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, a ba ni shawara. 'Yata shekararta biyar da rabi, har yanzu tana tsotsar babban yatsa. Da na yaye ta, wajen kakarta aka kai ta a Unguwar Rogo, lokacin ina makaranta, babanta kuma kullum yana hanyar Legas, a can ta koyo. Yanzu haƙoran sama sun turo, ko ta haɗe baki akwai kafa tsakaninsu da na ƙasa. Zai gyaru kuwa?

Anti Ladi: Ki shafa mata ruwan shuwaka ko na dogon yaro, in ta ƙi a sa barkono.

Sista Rahila: Anti, barkono kam a'a, ido za ta murza da shi. Maman Hanifa, ba ki faɗi ko ta fara famfara ba, kuma da rana take yi ko har cikin barci? Yawancin yara suna dainawa da kansu tsakanin shekara 2 zuwa 4. Yatsan yana tura haƙoran sama waje, yana kwantar da na ƙasa ciki, kumatu kuma suna matse turamen sama har ganɗa, wato rufin baki, ta tsuke. Daga nan ake samun tsamin baki. Daɗewar yatsan a baki ce ke kawo ɓarnar, shi ya sa na dare ya fi muni. Duba yatsan, in ya yi kanta to da ƙarfi take zuƙa. Haƙoran gaba na dindindin suna fara fitowa a shekara 6 zuwa 7. In ta daina kafin nan, sau da yawa kafar na rufewa da kanta, amma tsukewar ganɗa sai likita.

Maman Hanifa: Ni fa ba sakaci na yi ba. Hajiya ta ce babanta ma ya yi har firamare, haƙoransa lafiya lau.

Maman Sadik: Kakanni ke nan! Su lalata yaro, a ce uwa ce ba ta iya tarbiyya ba.

Sista Rahila: Da dare ki sa mata safa a hannu, ki ɗinke ta da hannun rigar barci. Kada ki ɗaure yatsan da zare ko roba, jini zai tsaya. Ranar da ba ta tsotsa ba ki yaba mata, tsawa ƙara shi take yi. In abin ya ƙi, ki kai ta sashen haƙori na JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, akwai ƙarfen da ake maƙalawa a turame ya tare yatsan.

Anti Ladi: Ƙarfe a bakin yarinya? Mu da shuwaka muka san ana yi.

Maman Hanifa: Safa ba za ta yarda ba, na san halinta. Bari dai babanta ya dawo.