Dafa gahawa a gida: ta ina zan fara?

Baƙon Abuja:
Assalamu alaikum. Kusan shekara biyu ke nan kullum da safe ina sayen gahawa a ƙaramin kofin roba a hannun masu tura amalanke a bakin tasha kafin in shiga ofis, wata rana ma in ƙara na biyu bayan azahar. Kuɗin bai taka kara ya karya ba a rana ɗaya, amma da na haɗa na wata guda sai jikina ya yi sanyi, ga shi kuma abin da nake sha galibi ruwan zafi ne da sukari da madarar gari. Ina so in koma dafawa da kaina, sai dai ba ni da na'ura, wutar lantarki kuma sai a hankali. Me ya kamata in saya?

Ɗan Mambila:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ake zuba maka ɗin nan gahawa ce da aka riga aka dafa a masana'anta aka busar da ita ta zama gari mai narkewa, shi ya sa ƙamshinta ba ya kai ko'ina. Ka nemi 'ya'yan gahawa soyayyu. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa: robusta, wadda ta fi ɗaci kuma sinadarinta mai hana barci ya kusan ninka na ɗayar, da arabika, wadda ta fi ƙamshi kuma take son tudu mai sanyi. A wajenmu, a tsaunin Mambila na jihar Taraba, ana noman arabika tun da daɗewa, ko da yake shayi ya fi ta suna. Ma'aunin da aka saba shi ne giram 60 ga litar ruwa ɗaya, wato kamar giram 15 ga babban kofi, don haka kilo guda zai ba ka kofi sama da 60. Ka raba kuɗin kilon da wannan adadi, ka kwatanta da abin da kake biya a tasha. Idan ruwa ya tafasa ka sauke shi ya huta kamar minti ɗaya, ka zuba a kan garin 'ya'yan da ka daka, ka rufe minti 4, sannan ka tace da rariyar shayi mai laushi.

Tsohuwar Ɗalibar Khartum:
Ɗan'uwa, maganar na'ura ma ka ajiye ta. A Sudan, inda na yi karatu, matar da nake haya a gidanta tana soya ɗanyun 'ya'yan a ƙaramin kasko bisa gawayi, tana girgiza shi har su yi duhu su fara ƙyalli, ta daka su da zafinsu tare da busasshiyar citta, ta dafa, sannan ta juye cikin tulun yumɓu mai dogon wuya da suke kira jabana, wanda ake cusa wa zaren kaba a baki don ya tare tukar. Har yau haka nake yi. Gargaɗi ɗaya: ka ware wa gahawa turminta. Na taɓa dakawa a turmin da aka daka daddawa, kuma ban sake ba.

Mai Sammako:
Ni inda nake da ja shi ne lokaci, domin wanda zai fita ƙarfe shida ba zai hura gawayi ba. Na sha ganin mutane sun fara da zumuɗi, sati biyu sun koma tasha. Ka daka na kwana uku ko huɗu a lokaci guda, ka zuba a kwalba mai murfi nesa da rana da danshi, musamman da damina, ka kuma sayi filas domin kofin bayan azahar. Idan citta ta gundure ka, ka gwada kimba, wadda ita ce sirrin gahawar Tuba ta Senegal, amma 'yar kaɗan, don tana da ƙarfi.

Baƙon Abuja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mai Sammako, filas ina da shi, ƙaramin turmi kuma zan nema a kasuwar Wuse ranar Asabar.