Dokin katakon da aka ba ni a Sin ya hana ni barci, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 6 ina saro kayan kicin a Yiwu, wani birnin kasuwanci a Sin, wurin mutum ɗaya, bai taɓa cutata ba. Zuwana na ƙarshe ya kai ni Dongyang, garin masassaƙa da ke maƙwabtaka da Yiwu a lardin Zhejiang. Da idona na ga wani dattijo yana fitar da gezar doki sili-sili da 'yar wuƙar sassaƙa. Nan mutumin da nake saro kaya wurinsa ya saya min doki na itacen kafur, tsayin taƙi biyu. Ya ce a wurinsu doki alamar samun nasara da wuri ne, ga shi 2026 shekarar doki ce a lissafinsu. Har yau akwatina ƙamshin kafur yake. Na ɗora shi a falo, Hajiyarmu ta ce ba ta ƙara sallah a gidan sai an fitar da gunki. Mutumin kuma zai zo Kano wata mai zuwa. Yaya zan yi?

Malam: Wa alaikumus salam. Hajiya ta fi ka gaskiya. Hadisi ya inganta cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko sura. Ka sare kan, ya zama kamar itace, shi ke nan.

Ɗan Kwari: Ko ka bar shi, hunturu zai tsage shi. Ni giwaye biyu aka auno min, an rantse aikin hannu ne, ashe na inji ne aka shafa wa fenti. Kuɗina har yau ban gani ba.

Wata 'yar uwa: Yayana, kai shi shago mana, ko ka ba abokinka Kirista.

Malam: Shagon ba ya buƙatar albarka ne? Wanda ya bar abu don Allah, Allah zai musanya masa.

Mai tambaya: Allah gafarta Malam, ba bauta masa nake ba. Kuma nawa na hannu ne, ana ganin sawun wuƙa a cikinsa. Ta yaya zan nuna wa mutumin kyautarsa ba kai?

Wata 'yar uwa: To ka faɗa masa gaskiya. A Dongyang ɗin ai suna sassaƙa allo mai furanni, sai ya canza maka.

Mai tambaya: Mayar da kyauta ai cin fuska ne. Yanzu dai na naɗe shi da zane, yana but ɗin mota. Zafi zai lalata shi kuwa?