Neman taimako: wane suna zan rubuta wa wannan tsiro?

Assalamu alaikum malamai da ɗaliban ilimin tsirrai. Ina karatu a Ingila, kuma sati biyu ke nan wani tsiro ya hana ni sakat. Na tsinko shi a gefen hanya: furensa rawaya ne, ganyensa a jere a gindi, kaɗan ne a jikin kara, kuma in an karya shi wani ruwa mai kama da nono ke fitowa, kamar ɗan'uwansa latas. Na tabbata Hieracium ne daga dangin Asteraceae, tunda ba ya yaɗo a ƙasa irin na Pilosella, wani tsiro mai kama da shi.

Daga nan na maƙale. Wani littafi ya kira shi Hieracium vulgatum, wani kuma Hieracium lachenalii. An ce yana yin iri ba tare da barbara ba, shi ya sa a Birtaniya kaɗai aka ƙirga ƙananan nau'o'i sama da 400. Na duba gashin da ke ƙasan furen da gilashin ƙara girma har idona ya gaji, na kasa bambance gashi mai ɗan kai a tsininsa da marar kai.

Don Allah, sunayen nan biyu na tsiro ɗaya ne? Wanne zan sa a takardar samfurin, kuma wace alama kuke fara dubawa?